Fim ɗin Mayun Yukren da Tsallakar Iya Abu

Tun da na dawo daga Amurka, babu wanda ya haɗu da ni a gidan rediyonmu ko a unguwa bai tare ni da tambaya ba. Yaya ƙasar take? Kin ga fadar shugabansu? Da gaske ne sanyi yana fasa leɓe? Na gaji da amsawa guntu-guntu a ƙofar ɗakin watsa shiri, kuma duk wanda na ba amsa sai ya ce fuskata ba ta wadda ta ji daɗin tafiya ba ce. Gaskiyarsu ce. Saboda haka na zauna in rubuta labarin sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa. Fadar dai na gan ta, daga bayan shinge, kamar minti biyar. Abin da ya tsaya mini a rai wani tsohon fim ne na mayu da na kalla a can, da abin da aka yi wa ƙanwar mahaifiyata a yammacin ranar da na kalle shi.

Gayyata ce ta mako uku, in je in ga yadda ake aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo da ke Washington. Daga Kano na shiga mota zuwa Abuja, inda zan hau jirgi. Kaya biyu aka yarda in ɗauka, amma duk wanda ya ji zan tafi sai ya tuna yana da ɗan'uwa a Amurka. Wata mata ta kawo mini ƙullin yaji in kai wa ɗanta. Na tambaye ta garin da yake, ta ce ita dai Amurka aka ce mata. Daga baya na gano tsakanin garinsa da inda zan sauka ya fi tsakanin Kano da Makka. Mahaifiyata kuwa kilishi ta sa aka yi wa ƙanwarta, Iya Abu, wadda ta yi wata takwas a can, ta haɗa da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa.

Tafiyar jirgi ba ta da labari, sai dai ƙafafuna da suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Labari ya fara ne a wurin shiga ƙasa. An ba mu takarda a cikin jirgi mai tambayar ko muna ɗauke da nama. Wani Alhaji da ke kusa da ni, wanda shi ma kilishi ne cike da jakarsa, ya leƙo ya ga na amsa da e.

"Hajiya, ai ba a faɗa," ya ce. "Ke sabuwar zuwa ce ko?"

Na ce aikina faɗin abu yadda yake, ba zan fara ƙarya a ƙofar ƙasar mutane ba. Da muka sauka, aka ware ni gefe. Wani kare ya shinshine mini jaka ciki da waje, har da sallayata. Jami'in ya sa safar hannu, ya ɗaga daddawa ya kai hanci, ya yi baya da sauri, ya tambayi ko mece ce. Na yi masa bayani, ya yi shawara da wani, suka bar ta. Kilishin kuwa ya ɗauka da ladabi, yana ba ni haƙuri, ya jefa a kwandon shara ina kallo. Ina ɗaure jakata na hango Alhaji yana fita ta babbar ƙofa yana ɗaga mini hannu.

Sanusi ne ya zo ɗaukata, mijin Bilki, 'yar Iya Abu. Injiniya ne, mutum mai sanyin magana. Gidansu a Largo yake, irin gidajen nan da aka jera a manne da juna, kowane da bene da ɗakin ƙasa. Ƙarshen watan Oktoba ne, lokacin wani bikinsu na tsoratarwa. Kowace ƙofa an jibge mata kabewa an huda mata ido da baki. An rataya ƙwarangwal na roba a bishiyoyi. A ƙofar maƙwabcinsu akwai mutum-mutumin wata tsohuwa mai doguwar hula da dogon hanci, riƙe da tsintsiya. Sanusi ya ce mayya ce, ado ne kawai, yara suna so.

Iya Abu ta tare ni a bakin ƙofa da jinjirin Bilki goye a bayanta.

"Rakiya, kin ga ɓarna?" Kafin ma mu gama gaisawa ta nuna mini kabewar maƙwabta. "Miyar taushe ta wata guda, an bar ta tana ruɓewa a waje. Na ce wa Bilki ta roƙo mana ɗaya, ta ce wai abin kunya ne."

Na ba ta labarin kilishi. Ta yi salati, ta ce ai ni tun ina ƙarama haka nake, ko ƙwai na fasa sai na je na kai ƙarar kaina.

Wankan jegon Bilki ne ya kai ta, sai zaman ya miƙe, domin Bilki ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti kusa da su, kuma babu mai riƙe jinjiri. A ɗakin ƙasa aka sauke ni tare da ita. Ɗaki ne mai ɗumi, amma tagarsa ƙarama ce can sama, ƙafafun masu wucewa kawai ake gani. Abinci kuwa ban yi kewar gida ba. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, da dambu, da fura da take damawa da nonon kanti. Ranar Asabar ta farko na ga abin da ta zama a wajen Hausawan yankin. Tun da safe motoci suka riƙa tsayawa ana sauke yara, iyaye su tafi cefane ko aiki. Yara bakwai na ƙirga. Tana yi musu Hausa suna amsa mata da Turanci, kuma kowa yana gane kowa. Wadda ta fi manne mata ita ce Amira, 'yar shekara huɗu, 'yar Yaya Kabiru, wan Sanusi. Ranar ta ci ɗanwake har sau biyu, ta yi barci a cinyar Iya Abu.

Wurin aiki kuwa, kullum da safe nakan hau jirgin Metro daga Largo, inda layin ya ƙare, don haka ban taɓa rasa kujera ba. Mutum ɗari a tarago, babu mai ce wa wani ina kwana. Ranar farko na gaida matar da ke kusa da ni, ta jawo jakarta ta rungume. A sashen Hausa ne na huce. Akwai wani Malam Isufu, Badamagare, wanda bai taɓa kirana da sunana ba, ofis kuma biro yake ce masa, irin ta Nijar.

"Bakanuwa, kin iso biro da wuri haka? Ko kin ji ana rabon wani abu ne?"

"Na zo in gyara muku Hausa ne, Malam, kafin ku watsa ta duniya ta ji."

Na koyi abubuwa a wurinsu, musamman yadda ba a barin labari ya fita sai an same shi daga majiya biyu. A ɗakin ɗumama abinci na haɗu da Oksana, wata mace mai furfura daga sashen Yukren. Warin daddawata ne ya jawo ta. Maimakon ta toshe hanci kamar sauran, sai ta nemi ɗanɗano. Washegari ta kawo mini jar miyarsu ta kabeji da wata jar saiwa, ta rantse mini babu alade a ciki. Ita ce ta gaya mini za a nuna wani tsohon fim na mayu da aka ɗauko daga tatsuniyoyin ƙasarsu, ranar Asabar da rana, a wani ƙaramin zaure a Takoma Park. Na ce zan je, ko na samu abin haɗa rahoto.

A makon nan ne Amira ta kwanta. Ranar Talata zazzaɓi ya kama ta. Ranar Juma'a aka kai ta asibiti, likita ya gano ciwon, ya rubuta magani, ya ce a koma gida, za a ga sauƙi cikin kwana biyu zuwa uku. A yammacin Juma'ar na tarar da Bilki a kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta fita tas.

"Yaya Rakiya, rufe ƙofar," ta ce. "Yarinyar nan tana sambatu. Sunan Iya take kira."

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da wannan magana take nufi. An ce in maye ya kama kurwar mutum, mara lafiyan yakan riƙa kiran sunansa. Magani kuma, in ji masu faɗa, a kawo mayen ya tsallaka shi. Bilki ta ce Hajiya Umma, uwar Amira, ta gaya wa mahaifiyarta ta waya. Ita kuma tsohuwar, ƙauyensu yana maƙwabtaka da na kakanninmu, sai ta tuna wai an taɓa yin irin wannan magana a kan kakarmu, tun kafin a haife mu.

Na yi dariya. Wannan shi ne kuskurena na farko. Na ce Yaya Kabiru yana koyarwa a jami'a, matarsa kuma ta karanta haɗa magunguna, maganar za ta mutu da kanta. Ranar Asabar da safe mota ko ɗaya ba ta tsaya ba. Iya Abu ta kwaɓa ɗanwake kamar kullum, tana leƙa taga, ta ce ƙila sanyi ne ya hana su. Na ga haka, amma duk da haka na saka rigar sanyi na tafi kallon fim. Wannan shi ne na biyu.

Zauren bai fi cin mutum sittin ba. Rabinsu tsofaffin 'yan Yukren ne, rabi kuma samarin Amurka masu sha'awar tsofaffin finafinai, riƙe da gugguru. Fim ɗin ya girme ni, launinsa ya koɗe, ana rubuta fassarar maganar da Turanci a ƙasa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙauyen. Ɗakunan jinka ne, da shanu, da kaji, da mata masu ɗaurin kallabi, kai ka ce wani ƙauye ne a bayan Bichi in ban da fatar mutanen. Akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a gefen gari. An ce tana tatse shanun mutane ba tare da ta taɓa su ba, tana rikiɗa ta zama kare, tana hawa bayan namiji ta tashi da shi sama. Can gaba aka shiga wani tsohon coci da kyandirori da gawa, dodanni suka riƙa fitowa daga bango. Dodannin na roba ne da tsumma, wani ma ana ganin igiyar da ake jan sa. Samarin suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni ma na yi murmushi, domin ko ɗan firamare na Kano ba zai ji tsoron wannan ba.

Wurin da dariya ta ɗauke mini daban ne. An nuna mutanen ƙauye a zaune, kowa yana kawo shaidarsa. Wannan ya ce saniyarsa ta ƙafe ranar da tsohuwar ta wuce ta ƙofarsa. Wancan ya ce ɗansa ya rame tun da ta kalle shi. Babu wanda ya ce wa ya gani, babu wanda ya ce a kira ta a ji ta bakinta. Na san wannan zama, na san muryoyin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai fim ɗin ya ba su gaskiya. Yana da kyamara da igiya, sai ya ɗaga tsohuwar sama ya nuna mana tana shawagi, don kada wani ya yi shakka. Da aka zo wurin da wani saurayi ya rufe ta da duka da itace, zaure ya ɗauki tafi. Ni kuwa a iya rayuwata ban taɓa haɗuwa da wanda ya ga tsohuwa ta tashi sama ba. Wanda ya ga an doke ta, na san da yawa.

Na dubi Oksana, na ga ita ma ba ta tafa ba. Da aka kunna fitila muka fito, muka tsaya a bakin titi.

"Ina son fim ɗin nan tun ina yarinya," ta ce. "Amma akwai wurin da nake kallon takalmina."

Ta ce a ƙauyensu an taɓa cewa kakarta mayya ce, saboda saniyar maƙwabta ta daina ba da nono. A wurinsu mayu iri biyu ne. Akwai haifaffiya, wadda aka ce tana da ɗan guntun wutsiya, akwai kuma wadda ta koya. Matan ƙauye suka kai kakarta ɗakin wanka suka tuɓe ta suka duba.

"Suka ga me?" na tambaya.

"Ba su ga komai ba. Sai suka ce to ashe ta koyo ce, wadda ta fi muni."

Na ce mu ma biyu ne, ta gado wadda ake sha a nono, da ta saye. Ina cikin yi mata bayani wayata ta yi ƙara. Bilki ce. Ta ce Sanusi ya kwashe su ita da Iya Abu ya kai su gidan Yaya Kabiru a Upper Marlboro, wai za a duba Amira, sai da suka shiga suka tarar da abin da aka shirya. Jirgin Metro ba ya zuwa can. Oksana ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni komai ba, ta buɗe mini ƙofar motarta. Tafiyar ta kai minti arba'in, kuma na ji kowane ɗaya daga cikinsu.

Gidan babba ne, falonsa zai ci namu uku. An janye teburin tsakiya, an shimfiɗa bargo a ƙasa, an kwantar da Amira. Hajiya Umma tana durƙushe a kanta, idanunta jawur. An ajiye waya a kan kujera an buɗe muryarta, mahaifiyar Hajiya Umma tana ji daga gida. Sanusi yana tsaye yana kallon kafet. Iya Abu tana zaune a bakin kujera cikin hijabinta, da kwanon ɗanwake a cinyarta wanda ta kawo wa mara lafiya, babu wanda ya karɓa.

Na gaida Yaya Kabiru kamar yadda ya kamata. Ya amsa, ya nuna mini kujera.

"Rakiya, zauna. Kada ki ɗauki abin da zafi. Babu wanda ya ce Iya wani abu ce. Ni kaina ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba, kin san ni. Hankalin uwar yarinya kawai za a kwantar. Minti ɗaya ne."

"Yaya, in yi tambaya?"

"Yi."

"In ta tsallaka, yarinya ta warke, me za a ce?"

Ya dubi wayar da ke kan kujera.

"In ta ƙi, wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, me za a ce?"

"Rakiya..."

"To wace ƙofa kuka bar mata ta fita? Yaushe aka fara ba yarinyar magani?"

"Jiya."

"Likita ya ce kwana nawa?"

"Biyu zuwa uku."

"Ke nan gobe ko jibi za ta samu sauƙi, ko an tsallaka ko ba a tsallaka ba. Ku jira Litinin mana. Kwana biyu kawai nake roƙo."

Hajiya Umma ta ɗago. "'Yarki ce a kwance? Ke kika kwana kina jin tana kiran suna? Me ya sa ba ta kira ni ba, ni da na haife ta?"

"Saboda ita take ba ta ɗanwake, Hajiya. Ke da kika karanta magani, a wane littafi kika ga wannan?"

Sai murya ta fito daga wayar, a tsinke saboda nisa. "Wace ce wannan mai baki? A bar dogon zance. Sau uku ake yi, kuma da zane ɗaya, a cire mata sauran."

"A'a, Hajiya," in ji Yaya Kabiru da sauri. "Nan ba sai an kai ga haka ba. Takalmi kawai za ta cire." Ya juyo ya dube mu kamar wanda ya yi mana wata babbar alfarma.

Bilki ta gyara jinjirin da ke kafaɗarta. "Yaya, in uwata mayya ce, nononta na sha. Wannan kuma nawa yake sha. Ɗan ƙaninka ne. Shi ma a rubuta shi?"

"Bilki, don Allah," Sanusi ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a ranar, kuma ba wansa ya faɗa wa ba.

"Ya isa."

Iya Abu ce. Ta ajiye kwanon a ƙasa.

"Rakiya, kin cika mana kunne, nan ba rediyo ba ne. Bilki, rufe bakinki, gaban yayan mijinki kike." Ta juya wajen Hajiya Umma. "'Yar nan, kwana nawa rabonki da barci?"

"Huɗu."

"To. Ni ban san abin da kuke faɗa ba. Allah ya sani, ban taɓa nufin yarinyar nan da komai ba sai alheri. Amma in wannan ne zai sa ki runtsa, a yi."

"Iya, kin san abin da za a kira ki daga yau?" na ce.

"Na riga ki sani. Ina tsaye aka yi wa uwata."

Ban taɓa jin cewa abin ya kai ga tsallaka ba sai ranar. Ta cire takalmi ta miƙe. Iya Abu tana da ciwon gwiwa, ko matakalar bene sai ta dafa. Ta zo gefen bargon ta tsaya, ta gwada ɗaga ƙafa ta kasa. Ta miƙa hannu gefe tana neman wanda zai riƙe ta. Maza biyu ne a ɗakin, dukansu surukanta. Babu wanda ya motsa. Bilki tana riƙe da jinjiri tana kuka. Hannun yana nan a miƙe.

Ni na kama shi. Ni da na zo hana abin, ni na riƙe ta ta tsallaka. Sau ɗaya, ta juyo. Sau biyu. Muryar waya tana ƙirgawa. A na uku Amira ta buɗe ido, ta ga wadda ke kanta, ta ɗaga hannu biyu ta ce da Turanci tana so Iya Abu ta goya ta. Uwarta ta kama hannayen ta mayar da su cikin bargo.

Muka fito. Babu wanda ya raka mu ƙofa. A motar Sanusi, muna dab da Largo, Iya Abu ta ce an manta kwanonta.

Ranar Litinin da safe zazzaɓi ya sauka, daidai lokacin da likita ya faɗa. Na je aiki. Malam Isufu ya buɗe baki zai tsokane ni, ya dubi fuskata ya fasa. A ɗakin ɗumama abinci na ba Oksana labari a taƙaice, na tambaye ta yadda kakarta ta ƙare. Ta ce ba a kore ta ba, ba a sake dukanta ko zaginta ba. Ta rayu har ta tsufa tukuf a gidanta. Sai dai daga ranar babu wanda ya sake zuwa aron ko gishiri a wurinta.

Ranar Talata Sanusi ya shigo da leda. Turmin atamfa ne mai tsada, da turare, da kwanon da aka manta, an wanke shi. Ya ce saƙon Hajiya Umma ne, tana godiya.

"Godiyar me?" na tambaye shi.

Ya yi ta juya makullin mota a hannu. "Ta ce a gode wa Iya da ta... da ta haƙura ta saki."

Wannan ita ce kalmar. Malamin jami'a da mai ilimin haɗa magunguna, a ƙasar da likita ya gaya musu sunan ciwon da ranar da zai tafi, sun zauna sun yanke cewa tsohuwar da ta yi wata takwas tana share wa 'ya'yansu majina ta kama 'yarsu ne, sannan ta saki. Na tashi zan mayar da ledar da kaina, Iya Abu ta hana ni. Ta ce a ajiye, ba a mayar da kyauta. Sannan ta ce wa Sanusi, cikin murya irin ta mai tambayar ƙarfe nawa, ya duba ko za a iya mayar da tikitinta ranar da zan tafi. Bilki ta roƙe ta kwana uku. Iya Abu ta ce gara ta tafi, ko maganar ta bi ta, ta bar Bilki da ɗanta. Asabar ta ƙarshe ma mota ba ta tsaya ba. Wannan karon ba ta kwaɓa komai ba.

Rahoton fim ɗin ban haɗa shi ba. Na zauna sau biyu a gaban makirfo, na tashi ban naɗi komai ba.

Tare muka dawo. A jirgi ta yi barci mafi yawan hanya. Daga Abuja muka shiga mota, muka iso Kano da la'asar, na raka ta har gida. Maƙwabta suka shigo yi mata sannu da zuwa, ana ta murna, ana tambayar jinjiri da sanyi. A cikinsu babu wanda ya ji komai, na tabbata, domin na riƙa duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Wata maƙwabciyarta, Lami, ta shigo da 'yarta 'yar shekara uku, wadda Iya Abu ta yi wa wankan farko da hannunta.

"Ga Iya ta dawo! Je ki, je ki ta ɗauke ki."

Yarinyar ta sheƙo da gudu. Iya Abu ta mayar da hannayenta biyu bayanta ta haɗe su.

"Gaishe ni daga nan, 'yar albarka," ta ce. "Daga nan ma ya isa."

Yarinyar ta tsaya turus a tsakiyar tabarma. Lami ta juyo ta dube ni.

"Anti Rakiya, lafiya? Ko hannun ne yake mata ciwo?"

Shekara goma sha biyar ina magana a gaban makirfo, ban taɓa rasa abin faɗa ba. Na ce mata gajiyar hanya ce.